Daga R-12 Zuwa R-600a: Tarihin Iskar Da Ke Daskarar Mana Da Ƙanƙara

Maƙalarmu ta wannan makon a bayan firij take.

Duk wanda ya leƙa bayan firizarsa zai ga wata 'yar takarda manne da kwamfuresa, an rubuta R-12, ko R-134a, ko R-600a. Sunan iskar da ke zagaya bututu tana kwashe zafi ke nan, wadda masu gyara ke ce wa gas kawai. Lambobin nan uku zamani uku ne, kuma kowanne a jirgin ruwa ya zo mana, ba tare da an tambayi ra'ayinmu ba.

Firij na farko da iska mai guba yake aiki, irin su amoniya da metil kulorayid. In bututu ya fashe cikin dare, sai a wayi gari da gawa, kamar yadda ya faru a birnin Shikago na Amurka a 1929. Wani masani mai suna Thomas Midgley ne ya jagoranci samar da madadin da aka sa wa suna Freon, wato R-12. A 1930 ya tsaya gaban taron masana, ya shaƙi iskar, ya hura ta a kan kyandir ya mutu, don ya nuna ba ta da guba kuma ba ta kama wuta. (Shi ne dai mutumin da ya kawo dabarar zuba dalma a fetur. Allah Ya raba mu da irin wannan sa'a.)

Shekara arba'in da ɗoriya duniya tana murna. Sai a 1974 Mario Molina da Sherwood Rowland suka bayyana cewa iskar ba ta ruɓewa a ƙasa, can sama take haurawa ta cinye shimfiɗar ozon, wadda ke tare mana hasken rana mai ƙona fata da lalata ido. Kamfanoni suka musa. A 1985 masu binciken Birtaniya suka auna wagegen giɓi a saman yankin Antatika, gardama ta ƙare. Ranar 16 ga Satumba, 1987, aka sa hannu a Yarjejeniyar Montiriyal, Najeriya ta shiga a 1988. An ba ƙasashe masu arziki zuwa 1996 su daina, irin namu kuma zuwa 2010, aka kafa asusun da zai tallafa mana.

Wannan tazara ta shekara 14 ita ta cika mana gari da firij ɗan Kwatano. Abin da Bature ya fitar daga kicin ɗinsa, shi muka saya da murna muka daskarar da zoɓo da kunun aya. Daga baya Gana ta hana shigo da tsofaffin firij a 2013, mu ma suna cikin jerin kayan da kwastam ta haramta, amma kowa ya san kasuwarsu ba ta mutu ba.

Abin da ya maye gurbin R-12 kashi biyu ne. Akwai R-22 mai koriyar tukunya, wanda ya riƙe na'urorin sanyaya ɗaki da injinan ƙanƙara da ɗakunan sanyi na 'yan kifi. Shi ma yana cin ozon, kaɗan dai. Akwai kuma R-134a mai shuɗiyar tukunya da ɗan uwansa R-404A, waɗanda ba ruwansu da ozon. Aka ce an huta. Ashe matsalar ɗaki ta sauya: kilo ɗaya na R-134a yana ɗumama duniya kamar kilo 1,430 na hayaƙin kabon, na R-404A kuwa kamar kilo 3,922. Shi ya sa a watan Oktoban 2016 aka zauna a Kigali ta Ruwanda aka yi wa yarjejeniyar kwaskwarima, Najeriya ta amince a 2018.

Ga inda abin ya shafi aljihunmu. Bisa jadawalin ƙasashe irin namu, R-22 da ake shigowa da shi ya kamata ya ragu da kashi 67.5 cikin ɗari zuwa 2025, ya kusan ƙarewa a 2030. Su R-134a kuwa an daskarar da adadinsu a 2024, za a rage kashi 10 a 2029, a kai kashi 80 a 2045. Ɗan kasuwa ba ya shigo da gas yadda ya ga dama. Sai ofishin kula da ozon na Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya ya yanka masa kaso, NAFDAC ta ba shi izini, sannan kwastam ta duba. Duk lokacin da kason ya ragu, tukunya za ta yi tsada, kuma mai ɗakin sanyi ba zai haɗiye asarar shi kaɗai ba. Za ta biyo katan ɗin kifi, ta biyo ƙanƙarar da muke layi a kanta in azumi ya faɗo cikin bazara.

Tsada kuma jabu take haifarwa. Turai kanta, da duk tsaronta, ta sha fama da fasa-ƙwaurin gas bayan ta matse kasonta a 2018. A 2011 wasu kwantenonin sanyi sun yi bindiga a Biyetnam da Barazil, ma'aikata uku suka mutu. Da aka bincika, jabun R-134a aka ɗura musu, gauraye da metil kulorayid, gubar nan da aka gudu tun 1929.

Madadin da ake turawa yanzu ba sabo ba ne. A 1992 ƙungiyar Greenpeace ta haɗa kai da wani ƙaramin kamfani na tsohuwar Jamus ta Gabas da ke dab da rufewa, suka yi firij mai aiki da iskar da ake samu daga man fetur. Daga nan R-600a ya bazu, sai R-290 a firizar shaguna. Ba sa taɓa ozon, ɗumamarsu kusan 3 ce kacal a ma'aunin da ya ba R-404A dubu uku da ɗari tara, kuma ba sa shan lantarki sosai, abin da duk mai janareta ko sola zai so. Aibinsu ɗaya: 'yan uwan gas ɗin girki ne, suna kama wuta. Shi ya sa aka daɗe ana taƙaita abin da ake ɗurawa a giram 150, sai a 2019 ƙa'idar duniya ta ɗaga shi zuwa 500 a firizar kasuwanci.

A ganinmu, a nan ne hukuma ta fi sakaci. An mai da hankali kan takardar izini a tashar Apapa, alhali gas ɗin a hannun mai gyara yake ƙarewa. Yawancinsu a wajen oga suka koya, a zamanin da ake yanke bututu a saki iska ta bi sarari, a kunna wutar walda nan take. Da R-12 wannan ɗabi'a sama take cutarwa. Da R-290, fuskar yaron shago take ci. Akwai ma masu ɗura gas ɗin girki kai tsaye saboda araha, ga danshi da datti da ke kashe kwamfuresa. Ƙungiyarsu ta NARAP tana shirya horo tare da ma'aikatar, amma shago nawa ne ke da injin zuƙe tsohon gas, ko na'urar gane jabu, ko sikelin auna giram? Kwalejojinmu na fasaha ya kamata su buɗe wa waɗannan mutane gajeren kwas da Hausa, ba sai mai takardar sakandare ba.

Wani abin takaici, sinadaran R-290 da R-600a suna cikin irin iskar da ake ƙonawa dare da rana a Neja Delta. An kafa ƙaramar masana'antar gwaji a Irolu ta jihar Ogun don tace su a gida, amma har yanzu gwangwanayen da ke kasuwanninmu galibi daga Sin suke zuwa, da dala muke saye.

Idan akwai masu gyaran firij ko masu injin ƙanƙara a zauren nan, ku gaya mana a ƙasa: nawa tukunyar R-22 take a garinku yanzu, kuma wa ya koya muku aiki da R-290?