Daga Zangu Zuwa Dozin: Tarihin Kalmomin Adadi a Kasuwanninmu

Idan dattijo a Karkarna ko Roni ya ce maka kuɗin mota jaka biyar ne, naira 1,000 yake nufi. Amma ka bi ta Ɓaɓura ka tsallaka Nijar, jaka biyar a can sefa 5,000 ce. Kalmar ɗaya ce, adadin ne ya bambanta. To, me ya kawo haka? Amsar tana cikin tarihin yadda kalmomin ƙirga da awo suka shigo kasuwanninmu, musamman waɗanda muka aro daga Turanci.

Kafin zuwan Turawa

Bahaushe ya daɗe da kalmominsa na adadi. A zamanin da ake ciniki da wuri, hauya na nufin 20, zangu 100, keso kuwa wuri 20,000 ne a ɗure cikin buhun tabarma. Daga Larabci muka samo ashirin, talatin, har zuwa casa'in, haka ma mudu da ake awon hatsi. Tsawo kuwa da jiki ake auna shi: kamu, taki da gaba. Lokacin da Bajamushen nan Heinrich Barth ya zo Kano a 1851, ya rubuta cewa wuri 2,500 ne ke daidai da dalar azurfa ɗaya. Ka ga ke nan ciniki babba sai da masu zaman ƙirga.

Akwai kuma kalmomin taro, waɗanda ba su da ƙayyadadden adadi: garken shanu, damin gero, ayarin fatake, tsibin dankali. Ba wanda zai tambaye ka shanu nawa ne ke cika garke.

Abin da muka ara da abin da muka bari

Shi ma Turanci yana da waɗannan kashi biyun. Yana da kalmomin taron dabbobi jingim, kusan kowace dabba da tata. Wani littafin farauta da aka buga a garin St Albans na Ingila a 1486 ya jero su da yawa, har da wadda ke kiran taron zakuna da kalmar da ke nufin alfahari. Ko ɗaya daga cikinsu ba ta shigo Hausa ba, domin garke ya ishe mu.

Waɗanda suka shigo su ne na ciniki. Turawan Ingila sun ci Kano a 1903, jirgin ƙasa ya iso a 1911, cinikin gyaɗa ya buɗe gadan-gadan a 1912. A shekarar ce kuma aka kafa hukumar buga kuɗin ƙasashen Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila. Manomin ƙasar Kazaure da zai biya haraji da kuɗin Bature, ya sayar da gyaɗarsa a kan sikeli, dole ya koyi kalmomin mai sikelin. Haka muka samu fam, sule, sisi da nai. Kwabo ya fito ne daga sunan jan ƙarfe a Turanci. Sai yadi, inci, galan, eka, tan da dozin. Ita kuwa laba, wadda ta kai kusan giram 454, masana harshe na danganta ta da haruffan lb da ake rubutawa a jikin kaya.

Me ya sa sha biyu?

Dozin ma Turanci aro shi ya yi daga Faransanci, asalinsa kuma kalmar Latin ce mai nufin sha biyu. Dalilin farin jininsa lissafi ne. Goma na rabuwa daidai gida 2 ko 5 kawai, amma 12 na rabuwa gida 2, 3, 4 da 6 ba tare da an fasa ko ɗaya ba. Kuɗin Ingila ma a kan haka aka gina shi: kwabo 12 sule ɗaya, sule 20 fam ɗaya, wato kwabo 240 a fam. Wannan ya sauƙaƙa wa ɗan tireda aiki ƙwarai. In ya sari dozin ɗin sabulu sule uku, ba sai ya ɗauki alƙalami ba, ya san kowace ɗaya ta tsaya masa kwabo uku, wato taro.

Kuɗin ya tafi, sunan ya zauna

Ingila ta koma ƙirgen goma-goma a kuɗinta a watan Fabrairun 1971. Najeriya ta bi sahu ranar 1 ga Janairun 1973, da naira mai kwabo 100. Fam ɗaya ya zama naira 2. Sule, wanda a da kwabo 12 ne, ya koma kwabo 10 na sabon kuɗi. Jaka kuwa dama fam 100 ce, sai ta zama naira 200, kuma har gobe a haka take a bakin mutane. A Nijar, inda Faransa ta yi mulki, lissafin ya bi wata hanya: dala ɗaya sefa 5 ce, dala 200 ke yin jaka. Ga asalin bambancin nan na tsallaken iyaka.

A shekarun 1970 ɗin dai Najeriya ta koma awon mita, lita da kilo, amma kasuwa ba ta saki tsofaffin kalmomi ba. Har yanzu turmin atamfa yadi shida ne, kowane yadi santimita 91.44. Anini, kashi ɗaya cikin goma na tsohon kwabo, ya ɓace daga aljihu tuntuni, amma muna cewa wane ba shi da ko anini.

Inda matsalar take

Wasu kalmomin sun riƙe adadinsu, dozin dai 12 ne ko'ina. Wasu kuwa sun sake shi. Galan na Ingila lita 4.55 ne, na Amurka lita 3.79, amma a wurinmu galan ya zama sunan robar kanta, ko mai lita 4 ce ko mai 5. Haka buhu: ana kiransa mai kilo 100, ana kuma cewa kwano 40 ne ke cika shi, alhali kwanon wannan kasuwa ba lalle ya yi daidai da na waccan ba, kuma awon da aka yi wa tozo ya fi wanda aka shafe.

A nan ne ƙaramin manomi ke cutuwa. In mai saye ya auna da babban kwano, ya je ya sayar da ƙarami, ribarsa ta fito tun kafin a yi maganar farashi. Mai bincike ma da ya rubuta “buhu 10 a eka” bai ɗora buhun a sikeli ba, alƙalumansa ba za su kwatantu da na wani gari ba. Saboda haka, duk lokacin da aka ce maka galan, buhu ko jaka, kafin ka ce “na saya” ko “na sallama”, fara tambaya tukuna: na lita nawa, kilo nawa, kuma a kuɗin wace ƙasa?