Yadda Yaƙin Duniya na Ɗaya Ya Iso Gaɓar Binuwai

Lokacin da manyan ƙasashen Turai suka gwabza yaƙi a watan Agustan 1914, wutar ba ta tsaya a nahiyarsu ba, domin kowace daula tana da ƙasashen da ta mallaka a ƙetare, kuma iyakokin da Turawa suka shata a Afirka sun mai da Ingila da Faransa maƙwabtan Jamus a wurare da dama. Abin da ya fi damun Ingila tun da farko shi ne tashoshin jiragen ruwa da tashoshin sadarwa marasa waya, waɗanda Jamus ke aika umarni ta cikinsu zuwa ga jiragen yaƙinta a Tekun Atlantika. Wannan ne ya sa aka fara da Togo, inda Jamusawa suka rusa babbar tasharsu ta Kamina kafin su miƙa wuya a ranar 26 ga Agusta, 1914.

A Kamaru kuwa, wadda ita ma ke hannun Jamus, faɗan ya ja tsawo har wata goma sha takwas. Rundunar Iyakar Afirka ta Yamma, wato sojan ƙasa da Lugga ya kafa a 1897, waɗanda hafsoshinsu Turawa ne amma da Hausa ake ba su umarni, ta kutsa daga Yola ta nufi Garwa a gaɓar Binuwai, wani sashe kuma daga Maiduguri ya tasar wa dutsen Mora. Harin farko a Garwa ya ƙare da asara mai yawa, garin kuma bai faɗi ba sai a watan Yunin 1915, bayan Duwala ta riga ta faɗi ta hanyar teku tun Satumban 1914. Da aka ci Yawunde a farkon 1916, yawancin dakarun Jamus suka tsallaka zuwa yankin Gini da ke hannun Sifaniya, amma Kyaftin Ernst von Raben da mutanensa suka ci gaba da riƙe Mora cikin yunwa har 18 ga Fabrairu.

Nauyin wannan gumurzu ya faɗa ne a kan 'yan Afirka, domin su ne sojoji a kowane ɓangare, su ne kuma 'yan dako da aka tilasta wa sarakuna su tara, waɗanda cuta da wahalar tafiya suka kashe da yawa daga cikinsu. Daga baya aka ɗebi dakarun Nijeriya zuwa Gabashin Afirka, inda suka fafata da kwamandan Jamus Lettow-Vorbeck a Mahiwa cikin 1917, yayin da a arewa da Nijeriya jagoran Buzaye Kawusan ya yi wa sansanin Faransawa na Agadas ƙawanya daga Disamban 1916 zuwa Maris na 1917.

Bayan yaƙin, Ingila da Faransa suka raba Kamaru a matsayin amana daga Ƙungiyar Ƙasashen Duniya ta wancan zamani. Kason Ingila na arewa ya zaɓi shiga Nijeriya a ƙuri'ar raba gardama ta 1961, ya zama Lardin Sardauna, wanda yankunansa suke cikin jihohin Borno da Adamawa da Taraba a yau.