Wasiƙa da Hatimi a Daular Sakkwato: Daga Gidan Waziri Zuwa Barikin Bompai

A ƙarni na 19 wasiƙa ce igiyar da ta ɗaure Kano da Sakkwato. Da Larabci ake rubuta ta, galibi a kan takarda mai alamar wata uku da fatake ke kawowa daga Italiya ta hanyar Tarabulus. Takan fara da bisimilla da salati, sannan sunan mai aikowa da na wanda aka aika wa, sai gaisuwa, sai “amma ba'adu”, watau shiga cikin magana, a rufe da sallama. Al'amuran Kano ta hannun Wazirin Sakkwato suke bi.

Yawancin wasiƙun nan ba su ɗauke da kwanan wata. Saboda haka hatimin da aka buga shi ne babbar shaida ga manazarci, domin da shi ake gane mai wasiƙa da zamaninsa. A. D. H. Bivar ya yi nazarin irin waɗannan takardu a 1959. Al'adar ba ta tsaya a ƙasar Hausa ba. Sarakunan Musulmi na ƙasashen Male su ma suna buga hatimi da baƙin hayaƙin fitila, gurbin da aka buga shi kuwa yana nuna darajar mai aikowa a gaban mai karɓa. Annabel Gallop ta tattara hatimansu fiye da 2,000 a 2019.

Nauyin wannan shaida ya bayyana a 1902. Lugga ya ce Sarkin Musulmi Abdurrahman ya aiko masa da wasiƙar cewa babu kome tsakaninsu sai yaƙi, ya kuwa kafa hujja da ita. Fassararta ta Turanci kaɗai aka sani, ba a ga asalinta na Larabci ba, balle hatiminta. Wannan ya sa D. J. M. Muffett ya yi shakkar ingancinta a 1964. Wasiƙun da aka samu a gidan Waziri Buhari kuwa, H. F. Backwell ya buga fassararsu a 1927.

Bayan cin Kano a watan Fabrairu 1903, Turawa suka kafa mazauninsu a Nasarawa da Bompai, wadda daga baya ta zama unguwar masana'antu. Sarki Abbas ya ci gaba da rubuta wasiƙunsa da Larabci bisa tsohon tsari, amma umarni ya daina zuwa daga Waziri, ya koma fitowa daga ofishin Razdan. Wajibi ne mai nazarin wasiƙun wannan zamani ya nemi asalin takarda, ya duba hatimi, kafin ya dogara da fassara.