Sawakin: Tsibirin Da Kakanninmu Suka Bi Zuwa Makka

Mu da muka tashi a ƙasar Tambuwal da Kebbe, ruwan da muka sani bai wuce gulbi da fadama ba, amma duk da haka akwai wani ɗan tsibiri a gaɓar Bahar Maliya wanda sunansa bai ɓace a bakin tsofaffinmu ba, wato Sawakin ta ƙasar Sudan. Kafin jirgin sama ya fara kwasar alhazai daga Kano a shekarun 1950, mafi yawan masu niyyar Hajji ta ƙasa nan ne tudunsu na ƙarshe kafin Jidda.

Hanyar kuwa ba ta wasa ba ce. Mutum zai bar gida ya bi ta Kano da Borno, ya ratsa Wadai da Darfur har El-Obeid, yana tafiya yana tsayawa neman guzuri, wani shekara biyu, wani fiye da haka. Bayan yaƙin Burmi na 1903 da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya zauna da jama'arsa a bakin kogin Nilu, garin ya zama masaukin mutanenmu a hanya.

To, mai karatu, shi tsibirin ɗan ƙarami ne, kusan da'ira, mai ƙafa zai zagaye shi bai gaji ba. Da can sai da kwale-kwale ake shigarsa, har ƙarshen shekarun 1870 lokacin da Gordon yake gwamnan Sudan aka cike ruwa aka yi 'yar hanya ta haɗa shi da tudu. Da ka haye sai lunguna matsattsu da benaye hawa biyu ko uku waɗanda aka gina da dutsen murjani da ake fasowa daga teku, da tagogin katako masu sassaƙa da suka leƙo kan hanya suna ba mai wucewa inuwa. Akwai masallacin Hanafiyya da na Shafi'iyya, alamar zaman Turkawa da suka riƙe garin tun ƙarni na 16 kafin su miƙa shi ga Masar a 1865. Ruwan sha kuwa babu a ciki, daga rijiyoyin tudu ake kawowa. Mutanen garin ma suna cewa nan Annabi Sulaimanu ya ɗaure aljannu, wannan kam na bar wa masu shi.

Sai dai baƙo irin namu, wanda can ake kira Takari, ba tsawon hanya ne ya dame shi a Sawakin ba, ƙofofi ne. Tsibirin na attajirai ne da ofisoshin hukuma da kwastan, talakan mahajjaci yawanci a ɓangaren tudu yake kwana, inda kasuwa da masaukan ayari suke. Zamanin Turawan Ingila kuma sai da takardar tafiya, da lambar rigakafi, da kuɗin jirgi na zuwa da dawowa, sannan ga zaman killacewa saboda tsoron kwalara da agana. Wanda ya yi shekaru a ƙafa, ga teku yana gani, sai a ce masa kuɗinsa bai kai ba. Wasu su koma gonakin auduga na Gezira su yi ƙodago, wasu kuma su sulale ta Masawa su hau jiragen katako cikin dare. A ganina nan ne mafi ɗacin tarihin, domin cikin masu bin ɓarauniyar hanya akwai waɗanda aka sauke a gaɓar da ba ruwa ba gari, akwai kuma waɗanda suka ƙare a hannun masu cinikin bayi.

Shi kansa garin bai tsira ba. Mashigarsa ta yi wa manyan jirage ƙunci, Turawa suka gina Port Sudan kimanin kilomita 60 a arewa, aka buɗe ta a 1909. Attajirai suka tashi ɗaya bayan ɗaya, dutsen murjani kuma ba ya jure rashin gyara, benayen suka riƙa zubewa, ko da yake alhazai sun ci gaba da bi ta nan shekaru da dama. A watan Disamba na 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya ziyarci kufan, aka ƙulla yarjejeniyar gyara su. Jikokin waɗanda kuɗinsu bai kai ba kuwa suna nan a Sudan, a Mai Wurno da Gadarif da Kasala, suna jin Hausa.