«Ƙarin jini»: suna ɗaya, abubuwa uku

A Hausa muna cewa «ƙarin jini» kamar abu guda ne ake ƙarawa. A nan za mu nuna cewa tarihin likitanci ya raba abin da harshe ya haɗa.

A Yaƙin Duniya na Ɗaya, jini sukutum ake sa wa mai rauni. A 1940, Edwin Cohn, a Jami'ar Harvard, ya rarrabe sinadaran ruwan jini, wato filasma. Jakar roba ta Carl Walter, wajen 1950, ta sawwaƙe ware kashi uku: jajayen ƙwayoyi masu ɗaukar iska, falaket masu toshe rauni, da filasma mai daskarar da jini.

Sai dai likitocin sojan Amurka a Iraƙi, bayan 2003, sun lura cewa mai zubar jini sosai, in an ba shi jajayen ƙwayoyi da ruwan gishiri kaɗai, jininsa tsinkewa yake, ya ƙi daskarewa. Binciken PROPPR na 2015, kan mutum 680, ya nuna ba da kashi ukun daidai wa daida yana rage mutuwa ta zubar jini cikin sa'o'i 24 na farko.

Saboda haka muke ganin kowane kashi na bukatar tsayayyen suna a Hausa, don dangin majinyaci su san abin da likita ke nema.