Maƙerin takalmin doki a rundunar sojan Ingila

A ƙarni na 19, kowace rundunar mahayan Ingila tana da sojojinta da ba su da aiki sai kula da kofaton dawaki. Faransawa na kiran mai wannan aiki maréchal-ferrant. Shi ke yanke kofato, ya hura wuta ya ƙera takalmin ƙarfe, ya kafa shi da ƙusa. Bayan mako huɗu zuwa shida sai a sake, domin kofato girma yake kamar farce. Dokin da takalminsa ya faɗi a kan dutse gurguncewa yake, mahayinsa kuwa ya koma ɗan ƙasa.

Kafin a samu likitocin dabbobi, shi ne mai yi wa doki magani. An buɗe makarantar likitan dabbobi ta farko a Liyon ta Faransa a 1762, ta Landan kuma a 1791. Daga 1796 rundunar Ingila ta fara ɗaukar likitoci, maƙerin ya koma aiki a ƙarƙashinsu.

Alamarsa gatari ne mai kai biyu. Da tsinin yake ƙarasa dokin da ya ji raunin da ba ya warkewa, da kaifin kuma ya sare kofaton da aka yi wa lamba, ya kai wa shugabanni shaida cewa dokin mutuwa ya yi, ba sayar da shi aka yi ba. Har yau maƙeran dakarun fadar Landan suna riƙe wannan gatari a wurin fareti. A yaƙin Afirka ta Kudu, daga 1899 zuwa 1902, Ingila ta yi asarar dawaki fiye da 300,000, yawancinsu saboda cuta da yunwa da wahalar tafiya. Bayan haka ne aka kafa rundunar likitocin dabbobi a 1903.

A shekarar ne kuma sojojin Lugga suka ci Kano da Sakkwato. Yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 ta zana da'ira mai nisan kilomita 160 daga Sakkwato, wadda ta sa Dogon Dutsi da Matankari da Tibiri a ɓangaren Ingila, har sai da yarjejeniyoyin 1904 da 1906 suka mayar da su hannun Faransa.

A Arewa ba a saba sa wa doki takalmi ba, domin yashin Dallol Mauri ba ya cin kofato kamar duwatsu da hanyoyin Turai. Aikin maƙeri a nan shi ne linzami da likkafa da ƙaimi da kan mashi. Kula da lafiyar doki kuwa yana hannun masu barga, kuma a fadojin ƙasar Hausa Shamaki ne shugabansu.