Gawo a Damina: Matsayin Ilimin Manomi a Kwasa-kwasan Fita Fili na Nazarin Muhalli

Tsakure

Maƙalar ta dubi matsayin da ake ba ilimin manoma a kwasa-kwasan fita fili da jami'o'i ke shirya wa ɗaliban nazarin muhalli a lokacin dogon hutu. An dogara ne da ayyukan da aka riga aka wallafa kan gonakin gawo na Damagaram da Maraɗi. Hujjar da aka kafa ita ce, ana ɗaukar manomi a matsayin mai ba da sunayen itatuwa, alhali abin da ya fi sani shi ne yadda ƙasa ke sauyawa daga wannan wata zuwa wancan, wanda ziyarar 'yan makonni ba ta isa ta nuna ba.

1.0 Gabatarwa

Tsarin irin wannan kwas sananne ne. Ɗalibai su ja igiya, su ƙirga itatuwan da ke cikin kadada, su auna kaurinsu, su ɗebi ƙasa a leda. Idan an ci karo da tsiron da ba a gane ba, sai a kira dattijon da mai gari ya haɗa su da shi, a ce, "Baba, mene ne sunan wannan?" A rubuta, a wuce. Wannan ɗabi'a tana da tarihi. Likitan nan ɗan Sikotlan, J. M. Dalziel, ya wallafa ƙamus ɗinsa na sunayen tsirrai da Hausa a 1916, aikin da har yau ake cin moriyarsa. Sai dai magadansa da yawa sun tsaya a jeren suna.

2.0 Darasin gawo

Ɗalibin da ya isa gonakin Magarya ko Matamai a watan Agusta zai tarar da gawo (Faidherbia albida) tsirara, babu ganye, ga gero ya yi kore shar a gindinsa. Ba abin mamaki ba ne ya sa shi a jerin itatuwan da suka bushe. Manomi kuwa ya san gawo a damina yake kakkaɓe ganye, ya sake toho da kaka, ya yi inuwa duk tsawon rani. Saboda haka ba ya tare wa shuka rana, ganyen da ya zuba taki ne, dabbobi kuma suna taruwa a inuwarsa suna cin 'ya'yansa, su bar kashi a wurin. Kimiyya ta ƙara bayani biyu: saiwarsa tana kaiwa ga ruwan ƙarƙashin ƙasa, kuma tana ɗaure sinadarin naitirojin. Amma kalandar bishiyar gaba ɗaya, a kan manomi take. Ana cewa gani ya kori ji. A nan ganin wata guda yana iya korar jin shekara hamsin, kuma wannan asara ce. Ruwayar baka ta Damagaram ma tana cewa sarakunan ƙarni na 19 sun hana saran gawo da hukunci mai tsanani.

Haka rabe-raben ƙasa. Jigawa da geza da fadama ba launi kaɗai suke nufi ba. Jigawa tana shan ruwan farko, a shuka nan take. Geza tana da tauri, sai an yi mamako kafin fartanya ta shige ta. Rabo ne na lokaci da wahalar aiki, abin da gwajin ƙasa a ɗakin bincike ba ya aunawa.

3.0 Kuskuren karanta fili

Fairhead da Leach (1996) sun nuna cewa kurmin da ke kewaye da ƙauyukan Kisidugu a Gini, wanda jami'an gandun daji suka ɗauka ragowar dajin da aka cinye ne, mutanen ƙauyukan ne suka raya shi. A Maraɗi, tun 1983 Tony Rinaudo ya lura cewa tsiron da manoma ke sharewa a gona kututturan itatuwa ne masu rai. Dabarar barinsu da gyara musu rassa, wato sassabin zamani, an ƙiyasta ta farfaɗo da kusan kadada miliyan 5 a Nijar. Mortimore (1989) bai fahimci dabarun mutanen ƙauyen Dagaceri na jure fari ba sai da ya yi shekaru yana komawa.

4.0 Abin da kwas ɗin ke buƙata

Na farko, a raba fitar gida biyu, Agusta da Maris, a gona guda, a kan itatuwa guda. Kuɗin mota zai ninka, kuma nan ne shugabannin sassa za su ja baya. Na biyu ya fi wuya: a zaunar da manomi a matsayin malami, a biya shi ladan koyarwa, a sa sunansa a rahoto idan ya yarda. Kada kuma a tsaya a dattijo ɗaya. Matan da ke tsinkar tafasa da yaɗiya sun san inda danshi ke daɗewa a fili, makiyayin da ke shigo da shanu bayan girbi ya san ciyawar da ta ɓace a burtali. Mai gari ba kasafai yake tura baƙi wurin waɗannan ba, sai malamin kwas ya roƙa tun kafin a zo, kuma ya taho da ɗalibai mata da za su iya shiga cikin gida.